WURIN DA ALMAKASHI YA YANKE

SHAFI NA 19

Masu turo mini saƙo wai tsoho ya yi barci a kan labari, ban yi barci ba. Tabarau ne ya karye, sai jiya aka ɗaure mini shi da waya. Ga naku nan. Mai raunin zuciya ya tsallake wannan shafin, kada ya karanta ya zo ƙasa yana zagina.

*

Fim ya ƙare. Sunayen 'yan wasa na hawa sama a talabijin, Almakashi ya kashe sauti ya tura tagogi, zafin la'asar ya shigo ya haɗu da warin zufa.

Ba don ɗinki ake ce masa Almakashi ba. Tun da ya buɗe gidan kallon nan bai taɓa barin fim ya kai ƙarshe da cikakken jikinsa ba. In ya ga lokacin ƙwallo ya matso, sai ya kashe talabijin ya ce janareta na son mai. Ya zagaya baya, ya dawo ya kunna, sai ka ga fim ya yi gaba. Kuma wuri ɗaya yake yankewa kullum, inda mutum biyu suka zauna suna magana, babu harbi babu gudu. Ya ce ba wanda ke shigowa gidan kallo don ya ji surutu, surutu akwai shi kyauta a gida.

Yau ma ya yanke. Sai ga shi an ɗage ƙwallon zuwa anjima, wai ruwan sama ya cika filin a can inda ake bugawa. Yanka ya tashi a banza, mutane kuma na zaune a benci ba abin yi.

"Kotu!" Mai Aski ya buga tafin hannu a benci. "Kotu ta zauna!"

Haka suke yi in fim ya ƙare. Mai Aski ne alƙali, don ba wanda ya kai shi baki. A tsayar da mutanen cikin fim ɗaya bayan ɗaya a yanke musu hukunci.

A bakin ƙofa Inna na zaune kusa da kularta ta ruwan sanyi. Tun da aka nuno gidan burodi a fim ɗin ba ta ƙara sayar da ko leda ɗaya ba. Wani ya yi ta miƙa mata hannu har ya gaji ya buɗe kular ya ɗauka da kansa.

Masu bin labarin nan sun san dalili. Bara waccan tana kwance a asibiti, ta ɗauka tafiya ce ta zo. Wani matashi mai kyamara yana jinyar gwaggonsa a gadon kusa da nata, ta kwashe abin da ta binne tun tana yarinya ta gaya masa. Ya rantse in ya mai da shi fim zai canza suna, ya canza gari. Ya cika alkawari. Sunan ya canza, garin ya canza. Sauran duka ya bar su yadda ta faɗa.

Ga ɗanta kuma a bencin gaba.

Direban babbar mota ne, ƙato, muryarsa kamar hon ɗin motar. Tun yana goye take gaya masa ubansa ya mutu a yaƙi, mutuwar maza. Da ya samu mota sai ya sa aka rubuta ƊAN JARUMI a bayanta da jan fenti, sunan ya bi shi har na yankan ya ɓace.

Akwai wuri ɗaya a labarin da Inna ta gwammace ta mutu da ya gani. Da Almakashi ya ce janareta na son mai, ya dawo fim ya tsallake daidai wurin, sai da ta kifa kai a gwiwa ta yi hamdala.

Abin da ya rage mata kawai ta yi shiru har a fara ƙwallo.

"Ga ƙarar," in ji Mai Aski. "Yaro da yarinya, ba su wuce sha shida ba. Yaƙi ya ci garinsu. Sun ɓuya a tanderun gidan burodi, shi da harsashi a ƙafa. Ita kullum tana zuwa wanki gidan Kaftin ɗin sojoji, ta dawo masa da rabin burodi ƙulle a bakin zani. Muna cewa masoya ne. Sai ga ta ta jawo sojoji ta nuna musu tanderu da yatsa. An fito da shi an harbe. Ita ta hau mota da cikinta ta tsira. Jama'a, me kuka gani?"

"Ni dai wurin da yake mayar mata da burodin ya ce ya ƙoshi," in ji wata budurwa daga bencin mata, "wallahi sai da na yi hawaye."

"Ku ai burodi ma ya isa ya saye ku," in ji wani.

Aka kwashe da dariya.

Wani malamin makaranta da ake kira Ticha ya gyara zama. "Fim ɗin bai yi ba. Bindigogin na roba ne, ana gani. Kuma yaƙi ba haka yake ba."

"Ka taɓa zuwa yaƙin ne, Ticha?"

"Na karanta."

"To mu mun kalla. Mun yi kunnen doki, zauna."

"'Yan sha shida me suka sani na soyayya?" wani tsoho ya ce daga baya. "Yunwa ce ta haɗa su, yunwa ta raba su."

"Baba, kai ma yunwar ce ta haɗa ka da tsohuwar taka?"

"Ita ce, kuma har yau ba ta raba mu ba."

Mai Aski ya ɗaga hannu. "A bar wasa. Yarinyar muke so. Ɗan Jarumi, kai ne yaƙi ya ci ubanka, kai ka fi kowa haƙƙin magana."

Ɗan Jarumi ya miƙe, bencin ya yi ƙara.

"Wannan ba mace ba ce, macijiya ce."

"Faɗa musu!"

"Mutum ya amince da ke, ya kwanta a rami saboda ke, ki je ki sayar da shi da kujerar mota? Uban abin da ke cikinki?"

"Tsaya," in ji Mai Aski yana kanne ido. "Wa ya ce maka cikin nasa ne? Yarinya kullum tana ɗakin Kaftin wai wanki. Wane irin wanki ake yi da ƙofa a rufe?"

Ɗakin ya ɗauki ihu. Har da masu buga ƙafa.

"In na Kaftin ne," in ji Ɗan Jarumi, "ranar da aka haife shi ya kamata a danne masa hanci da tsumma. Irin waɗannan jininsu ba ya wankuwa. Ko a masallaci ka raine shi, ranar da ya samu bindiga sai ya nuna maka na wane ne."

"Kai!" in ji budurwar. "Jaririn me ya yi?"

"Ya fito daga inda ya fito."

"To da uwarka ce ta yi abin da yarinyar ta yi fa?"

"Uwata?" Ya yi dariya. "Da uwata ce, wallahi da na sa ta a gaban motata na kai ta inda babu gari babu rijiya na sauke ta na juyo." Ya waiga bakin ƙofa. "Inna, ba ni ruwa, maƙogwarona ya bushe."

Inna ta tashi. Ta ɗauko leda mafi sanyi daga ƙasan kula, ta ratsa tsakanin bencina ta miƙa masa. Ya karɓa bai dube ta ba. Ta koma ta zauna.

Ta ji wanda ya fi wannan a bakin mutanen da ba ta haifa ba, na wanda ta haifa ma za ta haɗiye.

A bencin mata akwai wadda ba ta yi dariya ba. Amarya ce, matar Ɗan Jarumi, da 'yarta a baya. Ta haihu uku amma sunan bai sake ta ba. Tun da aka kawo ta gidan take jin haushin ɗakin da Inna ke kwana, wai shi ya fi iska, kuma maigida ba ya cin abinci sai ya fara leƙa shi. Tun da aka nuno ƙullin burodi a bakin zani take satar kallon surukarta.

"An gama da yarinya," in ji Mai Aski. "Wuta balbal. Saura yaron."

"Shi ai tausayi," in ji budurwar.

"Tausayin me?" in ji Ticha. "Namiji ya kwanta a tanderu kamar ƙullun da aka manta, mace na fita tana nemo masa."

"Rago ne," in ji Ɗan Jarumi yana tsotsar ruwa. "Ragon banza. Ya san inda burodin ke fitowa, yana karɓa yana ci. Ka ga lokacin da aka jawo shi? Ko tsayuwa bai iya ba, ana jansa a ƙasa kamar buhu. Ubana da aka zo kashe shi a tsaye ya mutu. Wannan kuwa da ni ne sojan, harsashi ma ba zan ɓata a kansa ba, takalmi ya ishe shi."

"Ba rago ba ne!"

Muryar ta fito daga bakin ƙofa. Kowa ya waiga.

Inna ce a tsaye.

"Ba rago ba ne. Ƙafarsa ta ruɓe har gwiwa, tsutsa na fita, bai taɓa cewa wayyo ba don kada a ji a kama ta. Da me zai tsaya? Kuma ba ita ta sayar da shi ba. Shi ya ce ta nuna shi. Shi ya sa ta rantse!"



Janareta kaɗai ke magana a baya.

Inna ta kai hannu bakinta. Amma maganar ta riga ta fita.

Ticha ya juyo gaba ɗaya. "Inna, a ina aka nuna haka?"

"A ciki mana."

"Ba a nuna ba. Ƙafarsa a rufe take da buhu tun farko har ƙarshe."

"To ko a wani wurin na gani."

"Ina?" in ji Almakashi. "Yau da safe aka kawo mini fim ɗin nan, ko ni ban gan shi ba sai yanzu."

"Tsammani na yi. Tsufa ne. Ku ci gaba da shari'arku."

Ta sunkuya za ta ja kularta ta fita.

"Inna, tsaya mana."

Amarya ce. Ta taso a hankali tana gyara goyo, fuskarta ɗauke da murmushin da ba na alheri ba.

"Ke, koma ki zauna," in ji mijinta.

"Yanzu zan zauna, Baban yara. Abu ɗaya zan duba."

Ta isa gaban Inna ta rusuna kamar za ta gaishe ta. Sai ta kama bakin zaninta na hagu ta fizge ƙullin.

Rabin burodi ya faɗo ƙasa ya gangara har ƙarƙashin benci.

Wani ya ce, "La ilaha illallahu."

"Tun da aka kawo ni gidanku nake wanke zannuwan nan," in ji Amarya, ta ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Ba ranar da ban kakkaɓe ɓurɓushin burodi ba. Tururuwa ta gama da ɗakin. In an ba ta burodi, ta ci rabi ta ƙulle rabi. Na tambaya, ka ce in bar tsohuwa da halinta. Kuma ka taɓa ganin ta bi ta layin gidan burodi? Gara ta zagaya ta bayan kasuwa da ciwon gwiwarta."

"Na ce ki rufe bakinki!"

"Na rufe. Ga ta nan, tambaye ta."

Ɗan Jarumi ya dubi burodin. Ya dubi talabijin. Ya dubi uwarsa.

Ledar ruwan ta suɓuce daga hannunsa.

"Inna."

Ba ta ɗago ba.

"Inna, ke ce?"

"Mu je gida."

"Ba inda za mu. Ke ce yarinyar?"

"Ni ce."

Ɗakin ya rikice. Waɗanda ke waje suna jiran ƙwallo suka fara cusa kai ta tagogi.

"Wato wanda aka ja a ƙasa..." in ji Ɗan Jarumi. "Wanda na gama zagi yanzu... ubana ne?"

Inna ta rufe ido. "Ubanka ne."

"Kika ce a tsaye ya mutu."

"Na faɗa."

"Kika jawo sojoji kika nuna shi?"

A nan ne Inna ta yi abin da ba kowa zai gane ba sai wanda ya haihu. Ta ɗago kai ta dubi ɗanta ido cikin ido.

"Ni na nuna shi. Tsoro ne ya kama ni, na so in rayu. Abin da na faɗa ɗazu ƙarya ce, bai ce in nuna shi ba. Duk abin da kuka ce a kaina haka ne. Ka kai ni inda babu gari ɗin, na yarda. Mu tafi."

"Tir!" in ji wani.

"Da wannan hannun take ba mu ruwa?"

"Ni daga yau ko kyauta ba na sha."

"Dubi fuskarta kamar ta Allah."

Wani ya sa ƙafa ya ture kular, ledojin ruwa suka watse a ƙasa. Ɗan Jarumi na gani bai hana ba, shi da ya taɓa fasa wa mutum baki don ya ce ruwan Inna ba sanyi.

Amarya ta koma bencinta ta zauna tana jijjiga 'yarta.

Da an bar maganar a nan, da Inna ta ci nasara. Ta rasa mutunci, ta rasa ɗaki, wataƙila ta rasa ɗan ma, amma shi ya tsira da sunan da ke bayan motarsa.

Sai Ticha ya ce, "Ni fa ban gamsu ba."

Ba abin da ya kai mai ɗan karatu haɗari in ya ga jama'a sun juyo suna saurarensa.

"Ɗazu ta ce shi ya sa ta rantse. Yanzu ta ce ƙarya ce. Ɗaya daga ciki ne gaskiya. Almakashi, lokacin da janaretanka ya ji ƙishi, me ka tsallake?"

"Surutu ne kawai. Su biyu a cikin tanderu."

"To mayar mana da surutun."

"A mayar!"

"A mayar, a mayar!"

Inna ta ratsa mutane, ta taka ledojin ruwanta suna fashewa, ta zube gaban Almakashi a kan gwiwoyin nan masu ciwo.

"Don girman Allah kada ka mayar."

"Haba Inna, tashi."

"Tun kana tallar batir a faranti na san ka. Ranar da zazzaɓi ya kayar da kai a bakin ƙofar nan, ni na jiƙa maka kai. Ban taɓa roƙonka komai ba. Ka ce ya lalace. Ka ce mai ya ƙare. Kullum kana faɗa."

Almakashi ya dubi ƙofa. Mutane na ta turowa, har da waɗanda ba su taɓa taka gidan kallonsa ba. Bai taɓa ganin ɗakin ya cika haka ba, ko ranar wasan ƙarshe.

"Inna, ni bawan jama'a ne," ya ce. "Abin da suka ce shi zan yi."

"In dai wurin zai wanke ki, me ya sa ba kya so a gani?" in ji Amarya daga benci.

Inna ta juya ga ɗanta, har yanzu tana durƙushe.

"Kai, yaron nan. Ban taɓa haɗa ka da nonon da ka sha ba. Yau na haɗa ka. Ka fita daga ɗakin nan."

Ɗan Jarumi ya daɗe yana kallonta. Sannan ya miƙa hannu ya fizge rimot daga hannun Almakashi.

"Ubana ne," ya ce. "Ban taɓa jin muryarsa ba. Yau sai na ji."

Ya mayar da fim baya. Sojoji suka koma da baya, yatsan yarinyar ya sauka, mota ta ja baya. Ya saki.

Cikin tanderu. Duhu, sai ɗan haske daga bakin murfi. Yarinyar ta kwance bakin zani ta miƙa rabin burodi. Yaron bai karɓa ba.

"Ina da ciki," in ji yarinyar.

Yaron ya kau da kai.

"Ka ji abin da na ce?"

"Na ji. Na kuma san ba nawa ba ne. Ko hannunki ban taɓa riƙewa ba sai ranar da muka gudu."

A ɗakin kallo wata mata ta ce, "Innalillahi."

"Ban so ba," in ji yarinyar. "Ranar farko na ce a'a. Kaftin ya ɗora bindiga a kan tebur."

"Na sani. Ina jin kukanki a waje kafin ki share ido ki shigo."

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

"In na faɗa, za ki daina zuwa, ki mutu da yunwa. In ban ci burodin ba, kin sha wahalar a banza."

Ya janye buhun daga ƙafarsa. A bencin mata aka kau da kai.

"Dubi. Ni na riga na tafi, numfashi ne ya rage. Gobe mota za ta kwashi mata zuwa bakin iyaka. An ce duk wadda ta nuna inda namiji ya ɓuya za a ba ta wuri. Ki nuna ni."

"Ba zan iya ba."

"Za ki iya. Rantse."

"Ka bar ni in mutu a nan tare da kai."

"Shi na cikin me ya yi? Rantse."

Ta rantse tana kuka.

"Saura abu ɗaya. In ya girma ya tambaye ki, kada ki ce Kaftin. Ki ce ni ne. Ki ce masa ubansa jarumi ne."

"Ai ƙarya ce."

Yaron ya yi murmushi. "Gobe zan mai da rabinta gaskiya."

Ɗan Jarumi ya danna rimot. Hoton ya tsaya a kan murmushin.

Ba wanda ya motsa. Ta tagar da Almakashi ya buɗe ana hango motar a gefen titi, ta juyo da bayanta, jan fentin na ƙyalli a rana. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka riƙa waiga suna karantawa.

"An fara ƙwallo fa," in ji Almakashi a hankali.

Ko mutum ɗaya bai dube shi ba.

Budurwar ta durƙusa tana tsince ledojin da ba su fashe ba tana mayarwa cikin kula. Ita kaɗai.

Sai wata murya daga taga, irin muryar da ba a taɓa gane mai ita, ta ce, "Ashe Ɗan Kaftin ne."

Wani ya yi dariya ya maida ita tari.

"Shi ya sa," in ji tsohon nan na baya. "Na daɗe ina cewa zafin hannun yaron nan ba na banza ba ne."

"Ka tuna ranar da ya daki yaron motarsa da sarƙa?"

"Shi da bakinsa ya ce ba ya wankuwa."

"Wa ke da tsumma?"

Mai Aski ya sunkuyar da kai, amma kafaɗunsa na rawa don dariya.

Amarya ta miƙe. Murmushin ya tafi. Ta kai hannu baya ta taɓa kan 'yar da ke goye, ta janye hannun da sauri kamar ta taɓa tukunya a wuta.

"Wato 'ya'yana..." ta ce. "Wato abin da nake ta haifa ke nan? Kika zuba ido aka ɗaura aure, ba ki gaya wa iyayena ba?"

"Ke kika kwance ƙullin," in ji budurwar.

"Rufe mini baki, 'yar ƙaramar mara kunya!"

Ɗan Jarumi bai ji su ba. Ya ajiye rimot a kan benci a hankali, kamar mai tsoron ya fashe. Ya zo ya tsaya a kan uwarsa. Bai ɗaga ta ba.

"Inna."

"Na'am."

"Ni kike ƙulle wa burodin nan, ko shi?"

"Shi."

"Har yau?"

"Hannuna ne ke yi. Ba na sanin lokacin da na ƙulla."

Ya gyaɗa kai.

"Ɗago ki dube ni."

Ta ɗago.

"Kullum da safe ina durƙusawa a bakin ɗakinki in gaishe ki. Ba ki taɓa kallona ba sai kin gama amsawa. Na ɗauka kunyar ɗan fari ce."

Inna ta kau da ido.

"Fuskar wa kike gani?"

"Kada ka tambaye ni."

"Ta wanda ke cikin tanderu, ko ta mai bindiga a kan tebur?"

"Ni na haife ka. Ni na goya ka na tsallaka da kai. Ba ruwanka da..."

"Fuskar wa?"

Hawaye ya gangaro mata har haɓa.

"Ta mai bindigar," ta ce. "Har muryar."

Waɗanda ke kusa da shi suka ja baya. Benci ya kife, ba wanda ya ɗaga.

Ɗan Jarumi ya sa hannu a aljihu. Aka ji ƙarar makullan mota.

"Tambaya ɗaya ta rage, Inna. Kada ki ƙara yi mini ƙarya, ko rabi."

Ta kama ƙafar wandonsa da hannu biyu.

"Yana raye?"

Inna ba ta ce a'a ba.